Tsayuwa Gaban Ɗan Sanda a Kilomita Biyar

Daga 2014 zuwa ƙarshen 2019, ikon 'yan sanda a unguwar Kilomita Biyar ta birnin Bangui ikon suna ne kawai. Unguwar tana cikin gunduma ta 3, nisanta da tsakiyar gari bai wuce abin da sunanta ya faɗa ba, ita ce kuma babbar kasuwar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, amma hukuma ba ta shiga cikinta sai da shiri irin na yaƙi. A watan Yunin 2016 masu bindiga na unguwar sun riƙe 'yan sanda shida na tsawon kwanaki. Tun farkon 2020 al'amarin ya sauya. 'Yan sanda sun dawo, ana sintiri, ana tare babura ana tambayar takardu. Wannan ci gaba ne, kuma 'yan kasuwar unguwar ne suka biya kuɗinsa da jininsu. Sai dai ya dawo da wata tambaya da aka daɗe ba a yi ba: in mai kaki ya ɗaga maka hannu, me ya kamata ka yi, me kuma doka ta ba ka?

Wanda bai san unguwar ba zai ga tambayar ƙarama ce, tunda shawarar ɗaya ce a ko'ina: ka tsaya, ka yi ladabi, ka nuna takarda. Amma nauyin shawara yana bin tarihin wanda ake ba ta. Mutanen PK5, kamar yadda ake taƙaita sunan, Hausawa ne da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da jikokin fataken Mali da Senegal, haɗe da Kiristoci 'yan ƙabilun ƙasar da ke zaune ko ke neman abinci a cikinta. Hausawan sun biyo hanyar fatauci ne ta Adamawa tun zamanin Turawan Faransa. Da yawa daga jikokinsu ba su taɓa ganin Kano ko Katsina ba. A Bangui aka binne cibiyarsu, Sango ya fi zama a bakinsu. Duk da haka, sunan Abubakar ko Hadiza a jikin kati ya isa ya sa a yi wa mutum kallon baƙo.

Ranar 24 ga Maris 2013 'yan tawayen Seleka suka kama Bangui, shugaban ƙasa François Bozizé ya gudu, Michel Djotodia ya hau mulki. Ta'asar da mayaƙan Seleka, waɗanda yawancinsu Musulmi ne, suka tafka, sai aka ɗora alhakinta a kan duk mai sallah. Ranar 5 ga Disamba 2013 'yan bindigar anti-Balaka, abokan gabar Seleka, suka afka wa birnin, kuma cikin 'yan watanni Musulmin Bangui, waɗanda yawansu ya haura 100,000, suka watse zuwa Chadi da Kamaru da sauran ƙasashe. Waɗanda suka rage suka tattare a Kilomita Biyar, kewaye da babban masallacin Koudoukou, wanda Paparoma Francis ya ziyarta ranar 30 ga Nuwamba 2015. Fita daga unguwar ya zama caca da rai. Ko maƙabartar Musulmi da ke unguwar Boeing ba a iya kai gawa cikin kwanciyar hankali ba sai bayan yarjejeniyar da unguwannin biyu suka ƙulla a Fabrairun 2016.

A waɗannan shekarun, yaron da ya tashi a unguwar bai san kaki ba sai a ranar tashin hankali. A farkon Agustan 2015 dakarun MINUSCA, rundunar Majalisar Ɗinkin Duniya, suka shiga domin kama Haroun Gaye, ɗaya daga jagororin masu bindiga. Ƙungiyar Amnesty ta ba da rahoton cewa an yi wa yarinya 'yar shekara 12 fyaɗe, an kuma harbe wani dattijo da ɗansa matashi. Kafin tsakiyar watan, shugaban rundunar, Babacar Gaye, ya sauka daga muƙaminsa. A ranar 8 ga Afrilu 2018 aka ƙaddamar da samamen da aka kira Sukula, na haɗin gwiwar MINUSCA da jami'an tsaron ƙasar. Kwana biyu bayan haka aka yi artabun da ya ci rayuka fiye da 20, har da sojan Ruwanda ɗaya, kuma kashegari mutanen unguwar suka ɗauki gawarwaki suka jera su a ƙofar hedkwatar MINUSCA. Rundunar ta ce da 'yan bindiga ta gwabza, mutanen unguwa suka ce akwai waɗanda ba ruwansu a cikin matattun.

Ta ɓangaren 'yan sandan ƙasar kuwa, akwai sunan da kowa a Bangui ya sani: OCRB, ofishin yaƙi da 'yan fashi. A watan Yunin 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta bayyana cewa jami'an ofishin sun kashe aƙalla mutum 18 ba tare da shari'a ba tsakanin Afrilun 2015 da Maris 2016, kuma a wannan watan ne aka cire shugabansa, Robert Yékoua-Ketté. Akwai abin lura a tarihin wannan ofishin da bai kamata Musulmi su tsallake ba. A 2013, lokacin da yake hannun Seleka, waɗanda aka tsare a cikinsa mutanen da ake zargi da goyon bayan Bozizé ne, kuma a kan abin da aka ce an yi musu ne Kotun Duniya da ke Hague ta fara shari'ar kwamandan Seleka Mahamat Said Abdel Kani a Satumbar 2022. Gini ɗaya, ɗakunan tsarewa ɗaya, masu riƙe da makulli ne kawai suka canza. Cutar tana cikin tsarewar da ba ido a kanta, ko wane ne ya kama, ko wane ne aka kama.

Unguwar ta gwada maganin bindiga, ta kuma ga ƙarshensa. Samarin da suka tashi da sunan kare kai a 2014 sun tsare rayuka a lokacin da ba mai tsarewa, wannan ba a musunsa. Amma da tafiya ta yi nisa sai suka zama hukuma a kan waɗanda suka ce suna karewa. Nimery Matar Jamous, wanda aka fi sani da Force, da takwarorinsa suka raba unguwar yanki-yanki, suka sa wa shaguna da motocin kaya haraji, suna kama mutane suna yanke musu hukunci. A hannunsu ba wa'adin tsarewa, ba lauya, ba rajista, ba inda za a kai ƙara. Bayan rasuwar Force a 2019, 'yan kasuwa suka ƙi ci gaba da biya, kuma a makon Kirsimetin shekarar aka yi faɗan da ya halaka mutum fiye da 30, shaguna suka ƙone. Daga nan ne aka ayyana unguwar a matsayin yankin da aka haramta makami, 'yan sanda suka samu hanyar dawowa. Ke nan mutanen Kilomita Biyar da kansu suka zaɓi hukuma. Sun zaɓe ta ne ba don ba su san aibinta ba, sai don ita aƙalla akwai rubutacciyar doka da za a iya kama ta da ita.

Abin da nake gani shi ne, duk shawarar da za a bayar a kan haɗuwa da ɗan sanda tana komawa ga manufa biyu. Ta farko, mutum ya fita daga mintocin farko da ransa da lafiyarsa, ba tare da ya ƙara wa kansa laifin da bai zo da shi ba. Ta biyu, in an tafi da shi, kada ya ɓace: wani ya san wanda ya kama shi, da inda aka kai shi, da ƙarfe nawa. Natsuwa tana yi wa manufa ta farko aiki. Ta biyun kuwa ba ta mutum ɗaya ba ce, aikin dangi ne da maƙwabta da abokan sana'a.

A kan natsuwa, akwai abin da ya kamata a fahimta game da wanda ke tsaye a gabanka. Da yawa daga ƙananan 'yan sanda da jandarmomin yau matasa ne da aka ɗauka bayan rikicin. Sun girma ne a unguwannin da ake ba da labarin PK5 a matsayin wurin da in ka shiga ba ka fita. Kai kana tsoronsa, shi ma yana tsoronka, bambancin shi ne shi yana riƙe da bindiga. Saboda haka hannu ya zauna inda zai gan shi. Mai babbar riga ko jallabiya kada ya zura hannu aljihu ba tare da ya faɗa ba: "Shef, takardata tana aljihun dama, bari in ciro." Ɗan acaɓa ya kashe inji. Kada a gudu, ko da ba a yi laifi ba, domin mai gudu ya ba da hujjar da za a kafa a kansa, kuma lungunan unguwar ba su fi harsashi sauri ba. A yi gaisuwa da Sango ko Faransanci, a bar Hausa da Larabci zuwa an rabu. Ba don akwai abin kunya a harshen gida ba. Mutum biyu da ke ƙus-ƙus da harshen da jami'i ba ya ji suna ƙara masa zargi ne kawai, alhali abin da ake nema shi ne zargin ya ragu.

Sai kuma harshe. Dokar laifuka ta ƙasar, wadda aka sabunta a Janairun 2010, ta gaji tsarin Faransa wajen hukunta zagin jami'i a bakin aiki da kuma turjiya da ƙarfi. Ma'anar wannan a aikace ita ce, mutumin da aka tare ba bisa ƙa'ida ba, in ya yi zagi ko ya ture hannun jami'i, ya ƙera wa kansa laifi na gaske a inda da ba laifi. Da safe shi aka zalunta, da yamma shi ake tuhuma, kuma tuhumar za ta tsaya a kotu domin an yi abin a gaban mutane. Abin takaici ne a ce wa wanda aka ci wa mutunci ya haɗiye, musamman in cin mutuncin ya taɓa addininsa ko asalinsa, in an ce masa ɗan Chadi ko ɗan Seleka a garin da aka haifi kakansa. Ban ɗauki wannan haɗiyar da sauƙi ba. Amma amsar da ta fi zagi ƙarfi ita ce tambaya cikin murya ƙasa-ƙasa: "Shef, wane laifi ake tuhumata da shi? Wane ofishi za ku kai ni?" Dokar bin kadin laifuka ta 2010 ta wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi, don haka mai wannan tambayar yana kan haƙƙinsa. Kuma in ya yi ta yadda na kusa za su ji, ya riga ya fara aikin manufa ta biyu.

Akwai wani haɗari da ya keɓanci unguwa irin wannan, wato taron jama'a. Inda aka sha wuya tare, ana jin kama mutum ɗaya kamar kama kowa. Kafin ka ce kwabo an kewaye mota, wani yaro ya ɗauki dutse, jami'i ya harba sama, na biyu bai harba sama ba. Bangui ta san yadda gawa ɗaya ke cinna wa gari wuta: a ƙarshen Satumbar 2015, kisan wani matashi ɗan acaɓa Musulmi ya jawo kwanakin rikicin da ya ci rayuka gwammai. Taron da ke da amfani shi ne na mutum biyu ko uku masu hankali, su tsaya nesa kaɗan, su riƙe lambar mota da irin kakin da kuma lokaci, ɗaya ya hau babur ya bi a hankali ya ga ƙofar da aka shiga. Ɗaukar hoto da waya yana da amfani, amma a ƙasar da jami'i zai iya fizge wayar ya haɗa da mai ita, ido da ƙwaƙwalwa da biro sun fi aminci. Wanda zai ɗauka ya ɗauka daga nesa, kada ya cusa wayar a fuskar kowa.

Maganar takardu ita ce ciwon da ya fi daɗewa. Rahotannin shekara-shekara na ma'aikatar harkokin wajen Amurka kan 'yancin addini sun sha kawo koken Musulmin ƙasar cewa ana neman ƙarin takardu a wurinsu kafin a ba su katin ɗan ƙasa, har da na iyaye da kakanni, kuma ana matsa musu a shingaye fiye da kowa. A rikicin an ƙone ofisoshin rajistar haihuwa da yawa, iyalai sun gudu ba su ɗauki komai ba, wasu yaran a sansanonin Chadi da Kamaru aka haife su. Kuɗin katin ma ya zama abin jayayya, domin dokar kasafi ta sa jaka huɗu da rabi na sefa, aka riƙa karɓar fiye da haka. Wannan zalunci ne, kuma gyaransa yana wuyan gwamnati. Amma kafin ta gyara, matashin da ba shi da kati shi ne ganimar kowane shinge. Doka ta tanadi hukuncin kotu da ke maye gurbin takardar haihuwar da ta ɓata ko wadda ba a taɓa yi ba. Wahalar neman wannan hukuncin, da jeka-ka-dawo ɗin da ke cikinsa, sau ɗaya ake shan ta, rashin katin kuwa kullum ake biyan kuɗinsa. Attajirin da ya ɗauki nauyin yi wa yaran shagonsa takardu ya yi musu abin da ya fi ɗinkin sallah. A kuma ajiye kwafin kowace takarda a gida, a ɗauki hotonta a waya.

Baƙon da ya zo fatauci daga Najeriya ko Nijar ya sani cewa ya fita daga yankin da katin ƙasarsa ke buɗe masa hanya. Afirka ta Tsakiya tana cikin ƙungiyar CEMAC ne tare da Kamaru da Chadi da Gabon da Kwango da Equatorial Guinea. Wanda ya biyo ta Garoua-Boulaï da Béloko da Bouar zai wuce shingaye da yawa kafin ya iso shingen PK12 a bakin Bangui, kuma fasfo da izinin shiga ingantattu su ne kariyarsa. In an tsare shi, Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta ba shi damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, kuma Najeriya tana da ofishi a Bangui.

To, an kama mutum an kai shi komisariya ko ofishin jandarma. A nan ne lissafi ke farawa. A garin da akwai mai gabatar da ƙara na gwamnati, irin Bangui, sashe na 40 na dokar bin kadin laifuka ya ba jami'an bincike awa 72, ana iya sabunta ta sau ɗaya. Jimilla awa 144, kwana shida. Bayan haka ko a sake shi ko a kai shi gaban mai gabatar da ƙara. Wannan wa'adin yana da tsawo. Tsarin mulkin Najeriya ya ce kwana ɗaya in akwai kotu cikin kilomita 40, Ƙa'idojin Luanda da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta amince da su a 2014 sun ce awa 48. Amma ko kwana shidan ba a cika tsayawa a kansu ba. Rahoton da ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar tare da MINUSCA a Yulin 2024 ya nuna cewa wuce wa'adin tsarewa ya zama ruwan dare, kuma gidan yarin Ngaragba ya cika ya batse, da yawan mutanensa jiran shari'a suke yi. Shi ya sa sanin sa'ar da aka kama mutum yake da muhimmanci haka. Wanda ya je ya ce "ɗanmu ya daɗe a hannunku" roƙo yake yi. Wanda ya ce "an kama shi ranar Talata da ƙarfe 4 na yamma, wa'adin farko ya cika Juma'a, ina takardar sabuntawa?" ya zo da maganar da jami'i ya san za ta iya isa teburin mai gabatar da ƙara.

Dokar ta kuma ba wanda aka tsare damar a sanar da danginsa, ya nemi lauya, ya nemi likita ya duba shi. Waɗannan ba a cika miƙa wa mutum su ba sai ya tambaya, don haka ya tambaya, ya kuma maimaita. Lambar waya ɗaya aƙalla ta zauna a ka, domin wayar ita ce abin da ake fara karɓewa. Ƙasar ta shiga yarjejeniyar duniya kan haƙƙoƙin jama'a da siyasa tun 1981, wadda ta hana tilasta wa mutum ya ba da shaida a kan kansa, ta kuma shiga yarjejeniyar haramta azabtarwa a 2016. Mutum ya faɗi sunansa da inda yake zaune da sana'arsa, gaskiya tsantsa, domin ƙarya ɗaya da aka kama tana ɓata sauran maganarsa duka. Abin da ya wuce wannan, yana iya cewa zai yi bayani in lauyansa ya zo.

Wurin da mutanenmu suka fi faɗawa rami shi ne sa hannu. Ana yin tambayoyi da Sango, a rubuta bayani da Faransanci, a miƙo wa mutumin da karatunsa na allo ne ko na Larabci, a ce ya sa hannu ya tafi gida. Gajiya da yunwa da zafin bayan kanta sukan sa ya dangwala. Wannan takardar ita za ta bi shi zuwa gaban alƙali bayan wata shida, ana karanta masa abin da bai taɓa faɗa ba a matsayin maganarsa. Ya nemi a karanta masa, a fassara masa layi-layi. In abin da aka rubuta ya saɓa wa abin da ya faɗa, ya nemi a gyara, in an ƙi, ya ƙi sa hannu cikin ladabi. Ƙin sa hannu ana rubuta shi ne a ƙasan takardar, kuma alƙali zai gani. Na san akwai ɗakunan da faɗin wannan ya fi aikata shi sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda aka doka har ya sa hannu bai yi abin kunya ba. Abin da ya rage masa shi ne ya faɗa wa mai gabatar da ƙara a haɗuwarsu ta farko, ya nuna tabon tun bai warke ba, ya nemi takardar likita.

Sai na goro. Ba wanda zai rubuta gaskiya a kan wannan batu ya tsallake shi. Yawancin haɗuwa da ɗan sanda a Bangui, kamar a Kano ko Maraɗi, ba a kotu take ƙarewa ba, a tafin hannu take ƙarewa. Ba zan zargi uwar da ta sayar da ɗan kunnenta ta fito da ɗanta daga inda take tsoron kada ya kwana ba. Amma a duba abin da kuɗin ke saya wa unguwa gaba ɗaya. Inda aka san mutane 'yan kasuwa ne, suna da tsabar kuɗi, suna tsoron ofis, kuma suna biya da sauri, kama su ya zama sana'a. Kowace jaka da aka miƙa a shinge tana tabbatar wa mai karɓa cewa gobe ma a nan riba take. In tara ce ta gaskiya, tana da rasit, kuma neman rasit cikin fara'a yakan raba tara da toshiya. Wani lokaci mai haƙurin zama rabin awa a gefen titi yakan tafi bai biya komai ba, domin lokacin da ake ɓatawa a kansa na tare wasu ne. Wannan ba ya aiki kullum, ba kuma kowa ke da rabin awar ba. Amma ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta 'yan acaɓa da ta tsaya a kan magana ɗaya tana da ƙarfin da mutum ɗaya ba shi da shi.

In gida aka zo, tsarin mulki ya ba gida hurumi. Maigida ya nemi ganin takardar izini, ya aika a kira mai unguwa ya zama shaida, ya nemi a ba mata lokaci su suturta, ya bi masu binciken ɗaki-ɗaki, duk abin da aka ɗauka kuma a rubuta. Kada ya tare ƙofa da jikinsa. Mace da aka ci zarafinta, ko a hannun mai kaki ne, akwai rundunar UMIRR ta haɗin gwiwar 'yan sanda da jandarma da aka kafa domin irin wannan, akwai kuma ƙungiyar mata lauyoyi ta ƙasar.

Dole a faɗi iyakar duk wannan. Ba wanda zai ce mutum 18 ɗin nan da suka mutu a hannun OCRB rashin ladabi ne ya kashe su. Bayan harin da 'yan tawayen CPC suka kai wa Bangui ranar 13 ga Janairu 2021 da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya, rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna yadda aka riƙa kama Musulmi da Fulani bisa zargin haɗa baki da 'yan tawaye, wasu a hannun sojoji, wasu a hannun mayaƙan Rasha da ba wata dokar bin kadin laifuka da ke hawa kansu a aikace. Duk mai koya wa talaka natsuwa ya kuma yi shiru a kan wannan, ya ɗora wa wanda aka zalunta nauyin gyaran azzalumi. Babban nauyin yana kan gwamnati: ta hukunta jami'in da ya kashe ko ya azabtar, ta sa masu gabatar da ƙara su riƙa leƙa ɗakunan tsarewa, ta ba kowane ɗan ƙasa katinsa da sharaɗi ɗaya, ta kuma ɗauki 'ya'yan Musulmi aikin ɗan sanda da jandarma, domin rundunar da ba ta da ɗan unguwa a cikinta za ta ci gaba da shiga unguwar kamar ƙasar abokan gaba.

Duk da haka kai ƙara ba aikin banza ba ne, ko da yana da jinkiri. A Yulin 2025 Kotun Duniya ta yanke wa Alfred Yekatom ɗaurin shekara 15, Patrice-Édouard Ngaïssona kuma shekara 12, kan laifukan da anti-Balaka suka yi wa Musulmi a 2013 da 2014. Fiye da shekara goma aka jira, kuma abin da ya tsayar da shari'ar shi ne mutanen da suka riƙe rana da wuri da suna. A matakin ƙasa akwai Kotun Musamman ta Manyan Laifuka da ta fara aiki a 2018, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da aka kafa a 2017, akwai ƙungiyoyin kare haƙƙi irin su LCDH da OCDH, akwai sashen kare haƙƙi na MINUSCA, akwai kuma dokar taimakon shari'a ta 2020 domin marasa hali. Gidan rediyon Ndeke Luka ma yakan sa a ji kunyar abin da aka yi a ɓoye.

Abin da Kilomita Biyar za ta iya yi da hannunta bai fi ƙarfinta ba. 'Yan kasuwar da suka yi shekaru suna biyan harajin 'yan bindiga za su iya ware kaɗan daga irin wannan kuɗin su riƙe lauya ɗaya ko biyu, a manna lambarsu a ƙofar masallatai da tashoshin acaɓa. Kowane mai unguwa ya ajiye littafi da za a rubuta sunan wanda aka kama, da rana, da sa'a, da rundunar da ta kama shi, da ofishin da aka kai shi, sannan a sa dattijo biyu da aka san fuskarsu su riƙa bin sawu tun daren farko, a kai abinci, a ga mutum ido da ido. In wa'adi ya cika, littafin ya tafi ofishin mai gabatar da ƙara tare da lauya. Kuma a rubuta kowa, har da Kiristan da ke tura baro a kasuwa da yaron da kowa ya san ɓarawo ne, domin awa 72 ɗin da doka ta tanada ba ta ware mai laifi ba, kuma samarin da ba mai tambayar inda suke su ne aka fi samun gawarsu.